FILIN MATA: WA ZAI SHIGO GIDA YA DUBA MANA KAJI DA AWAKI?

Yau ina so mu ajiye zancen girki da ɗinki tukuna, mu zagaya bayan ɗaki, wajen akurkin kaji da turken awaki.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana wani abu ne da ya faru a unguwarmu nan Ka'oje da hunturun da ya wuce. Wata maƙwabciyata, mace mai ƙoƙari, ta tara kaji fiye da 20, da nufin ta sayar ta rage kayan ɗakin 'yarta. Cikin mako guda fakat ta share su. Da safe sai a tarar kaza ta yi jugum, ta saki fukafukai, tana zawo kore, wata kuma wuya ya murɗe tana kallon sama. Ta jiƙa musu barkono, ta ba su ruwan toka, ta fasa kafso ta zuba musu, duk a banza. Biyu kaɗai suka tsira. Da na shiga yi mata jaje sai ta ce, "Malama, ai iska ce, kowace shekara sai ta zo." Na ce mata ai akwai rigakafi. Ta dube ni ta ce, "To, wa zai kawo mini shi har cikin gida?" Na rasa abin da zan ce mata.

Ke ma ki duba ki gani. A ƙasarmu ta Bagudo shanu na maza ne, kuma in za a yi musu allura a fili ake tara su, ma'aikaci ya zo ya yi aikinsa ya tafi. Amma kaji da zabi da agwagi da awaki, yawancinsu namu ne mu mata, a tsakar gida suke. Ma'aikatan dabbobin da muke gani kuwa kusan dukansu maza ne, kuma kin san namiji baligi ba ya shiga gidan matan aure. Watau dabbar da ta fi kusa da tukunyarmu ita ce ta fi nisa da likita. Akuyar nan ita ce bankin mace. Ita ake kai wa kasuwa ran da yaro ya kwanta ciwo, ita ce kuɗin jarrabawa, ita ce gudummawar biki. In ta mutu ba a buga labarin a jarida, amma uwar gida ta san abin da ta rasa.

Akwai wani fanni na ilmi da aikinsa ke nan, nazarin dabbobi, Turawa suna ce da shi zuwoloji. Masu wannan ilmi suna binciken kowace irin halitta mai rai da ke motsi, tun daga giwa har zuwa kaska da ƙuma: yadda jikinta yake, abin da take ci, yadda take haihuwa, abin da ke kashe ta, da abin da take ɗauko wa mutum. Daga wannan tushe ne likitancin dabbobi da ilmin kiwo da ilmin kifi suka yi rassa.

Bari mu koma kan fakat ki ga amfaninsa. Masu bincike sun gano cewa ba iska ba ce, wata ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai, irin wadda kafso ba ya kashewa. An fara shaida ta a tsibirin Jawa a 1926, sa'an nan a garin Newcastle na Ingila a 1927, shi ya sa a littattafai ake kiranta da sunan garin. Tana bin majina da kashin kazar da ta kamu. Hanyar da ta fi shigowa gida kuwa ita ce kazar da aka sayo a kasuwa aka sake ta nan take cikin sauran, domin da yawa daga cikinmu, mu faɗi gaskiya, da mun ga kaza ta fara rashin lafiya sai mu ba yaro ya kai ta kasuwa da sauri. In ta kama kaza ba ta da magani, amma tana da rigakafi. Akwai wani iri da aka samo a Ostareliya wanda ke jure zafi fiye da sauran, kuma ana yinsa a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato. Ɗigo ɗaya ne a idon kaza mai lafiya, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Ba allura, ba yanka. Yarinyar da aka koya wa za ta iya gama kajin unguwa guda kafin azahar.

Ga wani misalin da ya shafe mu mu mutanen bakin Kwara. Kin sha jin mahauta suna cewa saniya tana da ciwon hanta. Wata tsutsa ce mai faɗi kamar ɗan ganye ke zama cikin hantar. Ƙwanta yana fita tare da kashin saniya, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ɗan ya shiga jikin wata 'yar katantanwa ta fadama, ya girma a ciki, ya fito ya manne a ciyawa, wata saniyar ta zo ta ci. Sai da wani ya zauna ya bi wannan tafiya daki-daki kafin a san lokacin da ya kamata a ba dabba magani da wurin da ya kamata a kauce wa. Tsargiya ma da ke sa yaranmu fitsarin jini haka take, sai dai ita wata katantanwar daban take bi, kuma ta fata take shiga jikin yaro sa'ad da yake wanka a tafki. Don Allah 'yar'uwa, kada ki yarda da masu cewa jinin nan alamar balaga ce. Ciwo ne, kuma yana da magani a asibiti.

Haka nan bakkale, mai sa saniya ɓari, yana iya kama mutum ta hanyar ɗanyar madara, ya bar shi da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. Tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da ita nono yana kashe ƙwayar. To, wa ya fi dacewa ya zauna da matan Fulani a ruga ya yi musu wannan bayani, in ba 'yarsu da ta yi karatu ba, mai jin Fulatanci, wadda ta san ƙwarya da maburgi?

Kada ki ce wannan ilmi bai taɓa yi mana kome ba. Tambayi tsofaffin makiyaya labarin bushiya, ba mai ƙaya ba, annobar shanu. Wajen 1890 ta ratsa ƙasashen nan ta bar garke-garke a kwance, masu dukiya suka wayi gari ba ko maraƙi. Saboda ita aka kafa ɗakin binciken Vom a 1924. Ta sake dawowa Nijeriya a 1983 ta yi ɓarna mai yawa. Amma da rigakafin da wani likitan dabbobi Bature, Walter Plowright, ya haɗa a Kenya, da wahalar ma'aikatan da suka bi shanu daji-daji suna allura, a 2011 aka ba da sanarwar cewa bushiya ta ƙare a duniya ɗungum. Ban da agana, babu wata cuta da ɗan Adam ya taɓa gamawa da ita haka. Mu da ke kan iyaka mun fi kowa sanin dalilin da ya sa sai da ƙasashe suka haɗa kai: saniyar da ta kwana a Tsamiya gobe tana iya yin kiwo a ƙasar Segbana cikin Jamhuriyar Benin, kuma cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan.

Yanzu ke 'yar makaranta, matso kusa, da ke nake. Ƙofar wannan karatu tana buɗewa ne tun ran da za ki shiga babbar sakandare, aka ce wa ke son ajin kimiyya. Kada ki bi ƙawaye ki gudu don an ce lissafi da wuya. Abin da ake nema shi ne kiredit biyar a jarrabawar ƙarshe: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizik, sa'an nan jarrabawar JAMB.

In likitan dabbobi kike so ki zama, karatun shekara 6 ne, kuma ana yinsa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Digirin nazarin dabbobi zalla shekara 4 ne, na ilmin kiwo shekara 5. A jiharmu ta Kebbi akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, da jami'ar tarayya a Birnin Kebbi tun 2013, da jami'ar aikin gona a Zuru. Wadda ba ta sami jami'a ba kada ta ce shi ke nan. Difloma ta shekara 2 a fannin lafiyar dabbobi ta isa ta ba ki aikin hannu, kuma a ganina irin waɗannan ne ma muka fi bukata a ƙauyuka. In kika bi Kwara kika wuce Yawuri zuwa New Bussa, kusa da madatsar Kainji da aka gama a 1968, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi, da kwalejin koyon aikin kifi, da kwalejin kula da namun daji. 'Yar Sarkawa da ta tashi tana banda kifi, ta san giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa tun tana goye, wa zai fi ta a wannan aji?

Aikin yi fa? Akwai asibitin dabbobi na gwamnati, da duba nama a mayanka, da gonakin kaji da na kifi, da koyarwa. Akwai wuraren bincike irin su cibiyar Shika kusa da Zariya, inda ake inganta irin shanu da tumaki da awaki da kaji, da cibiyar Kaduna mai binciken ƙudan tsando da sammore. Ba zan ruɗe ki ba, aikin gwamnati ya yi wuya yanzu, kuma mai digirin nazarin dabbobi zalla sau da yawa aji take komawa ta koyar. Amma wadda ta iya rigakafin kaji da ba awaki maganin tsutsa da karɓar haihuwar tunkiya, ba za ta zauna jiran takardar ɗaukar aiki ba. Ko tana gidan mijinta mata za su yi mata sallama.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: wannan ai aikin maza ne, mace ina ita ina kokawa da bijimi? To, ba kowane aikin dabbobi ne kokawa ba. Da yawansa a ɗakin bincike ake yi, da madubin ƙara girman abu da littafin rubutu. Wata 'yar Gana, Letitia Obeng, ita ce mace ta farko a ƙasarsu da ta sami digiri a wannan fanni, a 1952. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, ta kwashe su ta tafi Liverpool, ta yi bincike a kan ɗan baƙin ƙudan nan na bakin kogi wanda danginsa ke kawo makanta, ta sami digirin dakta a 1964. Ta rasu a 2023 tana da shekara 98. Akwai kuma Jane Goodall 'yar Ingila, wadda ta tafi dajin Gombe a 1960 tana da shekara 26, ba ta da digiri ko ɗaya. Ba Gombe tamu ba, wata ce a Tanzaniya. Hukuma ta ce ba za a bar budurwa ita kaɗai a daji ba, sai mahaifiyarta ta ce to, mu je tare. A can ta ga manyan biran nan masu kama da mutum suna zura tsinke cikin shuri suna fito da gara suna ci, abin da ya girgiza masana, domin a da ana cewa mutum kaɗai ke ƙera kayan aiki. Ta rasu a 2025. Ni a labarin nan uwar ce ta fi burge ni.

Wasu kuma tsoro ne ya hana su, musamman tun abin da ya sami 'yan makarantar Birnin Yawuri a 2021. Wannan ba zan ce da uwa kada ta ji tsoro ba, ni ma ina ji. Sai dai a zauna da maigida a duba makarantar jeka-ka-dawo mai ajin kimiyya, ko gidan dangi a gari inda yarinya za ta zauna ta yi karatu a gaban idon manya. Cire ta gaba ɗaya shi ne abin da nake roƙo a yi wa waiwaye.

Kafin nan akwai abin da yarinya za ta fara yau ba da ko kwabo ba. Ki ba ta akuya ɗaya ko kaza ɗaya ki ce tata ce, ta sami tsohon littafin rubutu. Ta rubuta ran da kaza ta kwanta, ta ƙirga ta gani ko kwana 21 ne za ta ƙyanƙyashe, ƙwan zabuwa kuma ko zai kai 26 zuwa 28. Ta rubuta ran da aka yi wa akuya barbara, ta ga ko wata biyar ne. Ta rubuta 'yan tsaki nawa shaho ya ɗauka, nawa ciwo ya kashe, a wane wata. Na gwada wannan da 'yan ajina, sai ga yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba tana gardama da ni a kan kwanakin agwagwa, kuma ita ce da gaskiya.

Ke kuma uwar gida, tun damina ba ta ɗauke ba ki sa maigida ko babban ɗa ya je ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ya tambayi rigakafin fakat na ɗigawa a ido. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, saboda haka ku haɗa kuɗi ku biyar ko ku goma kamar yadda kuke adashi, a yi muku rana ɗaya, da sanyin safiya. Kazar da aka sayo ko aka kawo miki kyauta, ki kife ta daban mako biyu kafin ta gamu da sauran. Wadda ta mutu kuma a binne ta da zurfi, kada a jefa ta a juji inda kare zai ja ta zuwa gidan maƙwabta.