Baƙuwar Indiya a Ƙarƙashin Tokar Fombe

A shekarar 1938, masu tonon kayan tarihi a kangon birnin Fombe na ƙasar Italiya suka ci karo da ɗan mutum-mutumin mace na hauren giwa, tsawonsa kamar taƙi guda. Ga awarwaro a hannu da ƙafa, ga tsakiya a ƙugu. Ko kaɗan ba adon matan Rum ba ne. Shi kuwa birnin, tun shekara ta 79 Miladiyya dutsen Besubiyas ya yi aman wuta ya binne shi. To, wa ya kawo ta?

Sassaƙar ce ta fara tona asiri. A ƙasanta akwai harafin rubutun Karoshti na yankin Indiya, kuma an tono masu kama da ita a Ter da Bokardan, can Indiya. Da fari an ce gunkiyar Lakshmi ce, abar bautar 'yan Hindu. Yanzu masana sun fi karkata ga cewa ƙafar wani ɗan teburi ce, wanda a ganina ya fi ban mamaki: kayan ɗaki kawai, ya ƙetare tekuna biyu.

Saura hanya. Bayan Rumawa sun ci Masar a shekara ta 30 kafin Miladiyya, marubuci Sitirabo ya rubuta cewa jirage 120 ke tashi zuwa Indiya daga tashar Miyos Hormos a Bahar Maliya. Sirrin matuƙan iska ce. A watan Yuli suke tashi, iskar damina ta tura su gabas. Idan ta juya wajen Nuwamba, sai su kamo hanyar gida. A gaɓar Masar ake ɗora wa raƙuma kayan, ayari ya ratsa hamada zuwa Koftos a bakin Nilu, kwalekwale su gangara Iskandariya. Kuɗin fito kashi ɗaya cikin huɗu ne, ba ragi. Daga nan sai Futiyoli, tashar da ke maƙwabtaka da Fombe.

Wai ko labarin littafi ne kawai? A tashar Berenike da ke gaɓar Masar an tono tulun Indiya ɗauke da masoro kilo 7.5.

Marubuci Filini ya yi ƙorafin cewa Indiya na kwashe wa Rum kuɗin sestas miliyan 50 duk shekara. Aman wutar da ya binne wannan baƙuwa shi ne ajalinsa. Ita kuwa tana nan a gidan tarihi na Nafoli.