Daga rabon gado zuwa allon kolej: lissafin da ke gano abin da ya ɓoye

Iyaye da dama kan yi mamaki idan suka ga ƴaƴansu na kolej suna fama da harafin x da guntayen lambobi, har su ce wannan karatun ba ya da amfani a kasuwa ko a ofis. Alhali kuwa lissafin nan ya daɗe yana raba gardama tsakanin magada. Wajen shekara ta 820, a birnin Bagadaza, Muhammad ɗan Musa Alkawarizmi ya wallafa littafin da kalmar aljabara ta fito daga sunansa, kuma babban kaso na littafin a kan wasiyya da gado yake.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji guda. Bayan an biya bashi, matar tana da sumuni, wato kashi 1 cikin 8. Uwa tana da sudusi, kashi 1 cikin 6. Saura na ɗan ne. In ɗan ya karɓi jikka 170, nawa ce dukiyar duka, kuma nawa ne haƙƙin matar?

Ɗan kolej zai kira dukiyar x, ya rubuta: x − x/8 − x/6 = 170. Dabarar ita ce a kawar da guntayen tun da fari. Sai a nemi ƙaramar lambar da 8 da 6 duka suke rabawa ba saura, wato 24, a ninka kowane ɓangare da ita: 24x − 3x − 4x = 4080. Ke nan 17x = 4080, x kuwa 240. Matar tana da jikka 30, uwa jikka 40, ɗa jikka 170. Wannan 24 ɗin ita ce malaman gado suke kira asalin mas'ala, su kasa dukiya kashi 24 kafin su ba kowa nasa.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne a tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, a ce 1/8 da 1/6 sun zama 2/14. Mai yin haka zai ce dukiyar jikka 198 ce da ƴan kai, sama da jikka 41 sun salwanta a takarda, kuma daga rabon matar da na uwa za su fita. Shi ya sa ake mayar da amsa cikin lissafin a gwada: 30 da 40 da 170 dole su cika 240 kafin kowa ya sa hannu.