Shengen: ƙauyen da sunansa ke kan bizar Turai

Duk matashin da ya taɓa neman bizar Turai a Yamai ya san kalmar Shengen. Kalmar sunan wani ƙaramin ƙauyen manoman inabi ce a ƙasar Luksambur, a bakin kogin Mozel, inda iyakokin Luksambur, Faransa da Jamus suka haɗu.

Mahaɗar iyakokin uku tana tsakiyar ruwa. Shi ya sa a ranar 14 ga watan Yunin 1985 wakilan Faransa, Jamus ta Yamma, Beljiyam, Holand da Luksambur suka shiga wani jirgin ruwa mai suna Princesse Marie-Astrid, suka sa hannu kan yarjejeniyar soke binciken takardu a iyakokinsu. Sai a 1995 ta fara aiki. Yau ƙasashe 29 ne ke cikinta.

A bakin kogin an kafa ginshiƙan ƙarfe uku masu taurari domin tunawa da ranar. Kusa da su akwai ɓaraguzan katangar Berlin da kuma gidan tarihi da aka buɗe a 2010.

Amma ainihin abin kallo shi ne zaman mutanen wurin. Gada ɗaya ce tsakanin Shengen da garin Perl na Jamus, ga kuma Apach na Faransa dab da su. A Perl akwai makarantar sakandare ta haɗin gwiwa da aka buɗe a 2007, inda ƴaƴan Jamusawa da na ƴan Luksambur ke karatu aji ɗaya. Mutane fiye da dubu 200 ne ke kwana a ƙasashen maƙwabta, su tsallaka aiki Luksambur da safe.

Wannan sauƙi ya fara samun cikas. Tun watan Satumban 2024 Jamus ta maido da binciken ƴan sanda a dukkan iyakokinta na ƙasa, da hujjar daƙile shigar baƙin haure. Ma'aikatan da suka saba wucewa kai tsaye suka koma bin layi, gwamnatin Luksambur kuma ta nuna rashin amincewarta a fili.

Ga ɗan Nijar kuwa, buɗe iyakokin cikin Turai ya zo ne tare da tsaurara ta waje. Kuɗin neman biza ya kai yuro 90, wajen jika 59 na sefa, kuma ba a maida su idan an hana mutum.