Kafin A Miƙa Wa Ɗan Jari Bola Fasasshiyar Jita, A Fara Tambayar Waya

A watan Mayun 2023, kamfanin gwanjo na Julien's ya sayar da wata baƙar jita ƙirar Fender Stratocaster a birnin New York a kan kuɗi kusan dala 600,000. Jitar ko kiɗuwa ba ta yi. Marigayi Kurt Cobain, mawaƙin ƙungiyar Nirvana, shi ya farfasa ta da hannunsa, aka sake harhaɗa ta, amma ba ta koma aiki ba. Irin wannan labari ne ke yawo a TikTok, ya sa matashin da ke da tsohuwar jita a ɗakin shirgi ya fara lissafin sabon babur. Sai dai sunan Cobain aka saya a wannan ciniki. Jitar da ba ta da sunan kowa a bayanta, lissafinta daban ne.

A Musawa jita baƙuwa ce, garaya da gurmi da kukuma su ne 'yan gida. Duk da haka takan shigo yankin ta hannun malaman makaranta, da masu yi wa ƙasa hidima, da majami'un Malumfashi da Kafur, da kayan gwanjon Turai da ke biyowa ta Kwatano. Idan ta tsage sai a jingine ta a lungu. Daga nan abu biyu kan faru: ko a ba ɗan jari bola a kuɗin kati, ko a ɗora ta a Facebook da farashin miliyoyi, a yi wata shida ba wanda ya taya. Ga gidan da ke neman kuɗin taki a bakin damina, kowanne asara ne, kuma wayar da ke aljihu ta isa ta hana shi.

Gano ko wace ce

Google Lens yana taimakawa, amma siffa kawai yake gani. Siffar Stratocaster, da aka fara ƙerawa a 1954, da ta Gibson Les Paul ta 1952, an kwaikwaye su sosai. A watan Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka sun sanar da kama jabun jitocin Gibson sama da 3,000 a tashar ruwan Los Angeles. Saboda haka suna a goshin jita ba hujja ba ne. Wata alama mai sauƙi ita ce ɗan murfin da ke kan jitar, daidai inda tsirkiyoyi ke wucewa: a Gibson na gaskiya kusoshi biyu ke riƙe shi, jabu da yawa uku suke da shi.

Abin da ya fi amfani shi ne lambobi, domin jita ma tana da nata IMEI. Daga 1977 Gibson ya koma buga lamba takwas a bayan kan jita. Lamba ta farko da ta biyar su ne shekara, ukun da ke tsakaninsu kuma rana ce a cikin shekarar. Idan an ga 81239045, shekarar 1989 ke nan, rana ta 123, wato 3 ga Mayu. Masu jabu su ma suna kwafe lamba, don haka ana neman shaida ta biyu. A jita mai lantarki, idan aka buɗe bayan abin murɗa ƙarar sauti, akwai wata lamba a jikin ƙarfen. Wadda ta fara da 137 ta kamfanin CTS ce, abin da ya biyo baya shekara ce da mako: 1376618 na nufin mako na 18 na 1966. Idan goshi ya ce 1966, ciki kuma ya ce 1998, to ko an sauya kayan cikin, ko wani ya yi ƙarya. Shekara tana da nauyi sosai a farashi. Kamfanin CBS ya sayi Fender a Janairun 1965, kuma har yau jitocin da aka yi kafin wannan ciniki sun fi na bayansa tsada nesa ba kusa ba.

Gaskiyar magana, abin da aka fi tsinta a nan ba Gibson ba ne. Yawanci ƙirar Japan ce ko Sin ko Koriya. Wannan bai sa a raina ta ba. Yamaha FG-180 mai jar takarda a ciki da aka rubuta Nippon Gakki, wadda ta fito daga 1966, tana da masu nemanta. A haska fitilar waya cikin ramin jitar a ɗauki hoton takardar.

Ba duk rauni ne ɗaya ba

Tsatsar tsirkiya ba komai ba ce, canza ta ake yi. Gogewar fenti a inda hannu ke taɓawa ma masu tara tsofaffin jitoci sonta suke. Karayar wuya ce babbar matsala, musamman a Gibson, wadda kanta ke lanƙwashe baya, faɗuwa ɗaya ya isa ya ɓalle shi. Ko da gwani ne ya ɗora, dillalai kan zaftare kaso mai yawa, wani lokaci har rabin farashi. Fender da sauƙi, tunda kusoshi ke riƙe wuyanta ana iya sauya shi, amma sabon wuya yana rage mata daraja.

Raunin da ya fi yawa a ƙasar Katsina yanayi ne ke jawo shi. Katakon jita yana son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturu kuwa yakan sauke shi ƙasa da kashi 20. Katako ya ƙanƙance, fuskar jita ta dare. Zafin bazara a ƙarƙashin rufin kwano kuma yana sassauta gam, katakon da ke riƙe tsirkiyoyi ya ɗago. Sai gara. Idan an girgiza jita gari ya zubo, a duba cikinta da kyau.

A nan ne ake tafka ɓarnar da ta fi fashewar kanta. Mai jita yana so ta yi kyau a hoto, sai ya kai wa kafinta ya goge ta ya fesa sabon fenti, ko ya ɗura wa tsagar Araldite. Tsohuwar jita mai daraja da aka sake wa fenti takan rasa kusan rabin kuɗinta, kuma ba a dawo da fentin asali. Masu gyaran jita suna aiki da gam ɗin da zafi da tururi ke iya saki, domin a sake gyara wata rana. Araldite kuwa idan ya kama ya kama. Abin da ya dace shi ne a sassauta tsirkiyoyi, a share ƙura da busasshen ƙyalle, a tattara duk ɓallin da ya faɗo a leda, a bar ta haka.

Farashin allo da kuɗin hannu

A Reverb da eBay kowa na iya rubuta farashin da ya ga dama. Wanda ake dubawa shi ne na kayan da aka riga aka sayar, kuma shafukan biyu suna nuna shi. A nemo guda biyar masu ƙira ɗaya da shekara ɗaya, a ɗauki na tsakiya, sannan a cire kuɗin rauni.

Ko wannan ma farashin Amurka ne. Aika jita waje na iya cinye kuɗin Yamaha gaba ɗaya. Akwai kuma doka: tun 1992 yarjejeniyar CITES ta sa katakon rosewood na Brazil a jerin da ta fi tsaurarawa, kuma tsofaffin jitocin Amurka da yawa suna ɗauke da shi, don haka ba su ƙetare iyaka sai da takardar izini. Ga yawancin jitoci, kasuwar gaskiya ita ce makaɗan coci da masu situdiyo a Sabon Garin Kano, Zariya, Kaduna, Jos da Abuja, ta Jiji ko Facebook Marketplace. A talla a nuna raunin ƙarara, a ɗauki bidiyon sautinta in tana kiɗuwa. Wanda ya turo hoton alat ya ce direbansa na hanya, kada a saki kaya sai an ga kuɗin a manhajar banki.

Idan jitar ta wuce gyara, sassanta na iya fin gangar jikin kuɗi. Maganaɗisun ɗaukar sauti na Gibson da ake kira PAF, na ƙarshen shekarun 1950, guda ɗaya kan kai dubban daloli, kuma ya shige ambulan. Shi ne kuma abin da ɗan jari bola zai fara ɓarewa don ya auna jan ƙarfen da ke ciki.