Wa Ke Riƙe Da Makullin Na'urorin Kwamfuta?

Sau da yawa mai aiki da manhajar Linux yakan jona wa kwamfutarsa wata na'ura, kamar allon Arduino, amma da zarar ya nemi yin aiki da ita sai a ce masa ba shi da izini. Ba lalacewa na'urar ta yi ba, doka ce ta tare shi.

Asalin dokar ya faro ne daga Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma ginawa a Amurka cikin 1969. A tsarinta kowace na'ura fayil ce a ma'ajiyar /dev, tana da mai ita, da ƙungiyarta, da iyakar wanda zai taɓa ta. A Linux kuwa, udev ne ke raba wannan izini. Greg Kroah-Hartman ne ya ƙirƙiro shi a 2003, aka haɗe shi da systemd a 2012.

Dokokin da suka zo tare da manhajar suna cikin /usr/lib/udev/rules.d. Duk wanda ya yi gyara a nan ya yi aikin banza, domin ranar da aka sabunta manhajar za a shafe gyaransa. Wurin da aka keɓe wa mai kwamfuta shi ne /etc/udev/rules.d. In ya ajiye fayil mai suna iri ɗaya da na asali, nasa ne zai yi aiki. In sunan dabam ne, sai a karanta su bi da bi bisa jerin suna, na ƙarshe ya rinjayi na farko. Dalilin ke nan da ya sa ake fara sunan da 99.

To, a nan haɗarin yake. Wasu don gaggawa sukan rubuta 0666, watau kowa ya karanta, kowa ya rubuta. In aka yi wa allon rubutu haka, kowace manhaja na iya naɗe kalmar sirrin da aka buga. In rumbun ajiya ne, an buɗe asirin duk abin da ke cikinsa. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Abin da masana suka fi so shi ne a bar izinin a 0660, a sa mutum cikin ƙungiyar da ke da na'urar, kamar dialout a Debian da Ubuntu, ya fita ya sake shiga. In kuma sabuwar doka ta zama dole, a ɗaure ta da lambar kamfani da lambar samfurin na'urar, don kada ta shafi wata.