Rabin igiya ba rabin fili ba ne

A bayan garin Kano, a ɗaya daga unguwannin nan na awon igiya da gari ya cim musu, na halarci rabon wata gona ta gado. Mai ita ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu, maza biyu mata biyu, uwarsu kuwa ta riga shi. Gonar tsawonta ƙafa 250, faɗinta ƙafa 100. Malamin da aka gayyato ya faɗi hukunci daidai, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, sannan ya koma inuwa. Aiki ya rage a hannun baffan yaran da wani dillali mai igiya.

Suka yanka wa kowane namiji ɗari da ɗari. Guntun da ya saura aka datsa shi biyu, kowace mace ta tashi da hamsin da hamsin. Don kada a yi zargi, dillalin ya zagaye filin babban wan da igiya, ta ci ƙafa 400. Ya ninka ta biyu a gaban kowa, ya zagaye filin ƙanwar da ita, ta zo cif. Baffa ya ce, "To, 'yar nan, kin gani da idonki ko? Rabi ne, babu ragi." Ta ce, "Na gani, Baffa. Allah ya saka da alheri."

Rubu'i aka ba ta, ta yi godiya a kan rabi.

Igiyar ba ta yi ƙarya ba, gefe kawai ta auna. Gefe kuwa katanga ake ɗorawa a kansa. Ɗaki da tsakar gida da shuka duk a ciki suke. Cikin fili ana saninsa ne idan an buga tsawo sau faɗi. Ɗari sau ɗari 10,000. Hamsin sau hamsin 2,500. Filin ƙanwar sai ya shiga na wanta sau huɗu. Wanda yake musu ya ɗauki fallen takarda ya ninka sau ɗaya, wannan rabi ne. Ya sake ninkawa ta ɗaya gefen, ya buɗe ya ƙirga gidajen da suka fito. Abin da aka yi wa matan nan ke nan: an rage musu tsawo, an kuma rage musu faɗi.

Yadda ya kamata a yi bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba. Gonar gaba ɗaya murabba'in ƙafa 25,000 ce, kaso kuma shida. Kowace mace tana da kusan 4,167, kowane namiji kusan 8,333. Da tsawon nan na 250 aka raba shida, aka bar faɗin yadda yake, da kowace ta samu ƙafa 41 da inci 8 a faɗin 100. Ke nan an cinye wa kowace sama da murabba'in ƙafa 1,600, wurin da zai ɗauki ɗakuna goma sha ɗaya masu sha biyu da sha biyu. A bakin gari, inda farashin fili ke tashi kowace damina, wannan jari ne na mace guda.

Da aka ja hankalin baffan, cewa ya yi kada a kawo masa lissafin boko cikin al'amarin addini. Wannan magana ta fi komai ba ni haushi. Ilimin fara'id kansa lissafi ne. Littafin da Muhammad bn Musa al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, wanda aljabara ta samo sunanta daga gare shi, yana da babi a kan awon ƙasa, kuma kaso mai tsoka na littafin lissafin gado da wasiyya ne. Mutum ya haddace kason kowa, a zo wurin aiwatarwa ya miƙa wa igiyar dillali, sannan ya kwanta yana ganin ya sauke nauyi! Haƙƙin maraya da na mace ba ya faɗuwa don wanda ya ci bai iya sau ba.

Ba a gado kaɗai abin yake cizo ba. Dillali zai ce maka ka ba da filinka mai sittin da sittin a musanya maka da mai ɗari da talatin, wai ya fi tsawo, ya fi cin igiya. Gaskiya ne ya fi cin igiya, 260 a kan 240. Amma naka 3,600 ne, nasa 3,000. Ka yi asarar wurin ɗakuna huɗu, ga ƙarin kuɗin bulon katanga. Fili yana sirancewa, gefensa yana ƙaruwa, cikinsa yana tsukewa. Igiya mai ƙafa 300 za ta zagaye ɗari da hamsin, mai 5,000. Za ta zagaye saba'in da biyar da saba'in da biyar, mai 5,625. Za ta kuma zagaye wani zirin lungu mai 140 da 10 wanda bai wuce 1,400 ba. Cikin filaye masu kusurwa huɗu, wanda tsawonsa da faɗinsa suka zo ɗaya shi ya fi ciki a igiya guda.

Saboda haka ranar awo, musamman ke da ake cewa ki zauna a gida yayyenki za su wakilce ki, a je da tef na ƙarfe ko na safiyo, a bar igiya, don tana miƙewa idan an ja ta da ƙarfi, tana kuma tsukewa idan ta sha ruwa. A auna gefe huɗun duka, kada a auna biyu a ce sauran haka suke. A ja tef daga kusurwa zuwa kishiyarta, a sake ja ta ɗaya ɓangaren. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, filin karkatacce ne, tsawo sau faɗi ba zai ba da gaskiyarsa ba, sai a nemo safiyo. A fito da waya a buga lissafin a gaban kowa kafin a kafa turaku, ba bayan an shafa fatiha ba. Idan wani kaso yana bakin titi wani yana ƙurya, a yi musu ƙima da kuɗi, don girma ɗaya ba ya nufin daraja ɗaya.

A takarda kuma kada a yarda da "rabin fuloti" ko "fuloti ɗaya" kawai. A rubuta tsawo, a rubuta faɗi, a rubuta abin da suka bayar, a kuma faɗi ko ƙafa ce ko mita. Mita ɗaya ta ɗara ƙafa uku, shi ya sa fili mai mita 20 da 20, irin awon da ake yi a Maraɗi ko Damagaram, ya haura murabba'in ƙafa 4,300, nesa da hamsin da hamsin ɗinmu. Hekta ma mita 100 ce da mita 100. Wanda aka nuna wa ƙafa ɗari da ɗari aka ce masa hekta ce, ko kashi ɗaya cikin goma nata bai samu ba.