Gobara ta ci ɗaki, ina za a kai awaki?

Wannan karon daga Dakusa muke rubuto muku, cikin gundumar Takeita ta jihar Damagaram, kan wani abu da ya same mu a hunturun da ya wuce.

Bayan sallar isha ne wuta ta tashi gidan ɗaya daga cikinmu, bazawara mai ƴaƴa huɗu. Garwashi ne iska ta ɗauka daga murhu ta jefa cikin zana, daga zana sai jinka, daga jinka sai harawar da aka jibge bisa rumfa. Kun dai san iskar hunturu. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, kowa ya riƙe ta, amma motarsu tana birni mu muna ƙauye. Da bokiti da ƙasa maza suka kashe. Alhamdulillahi babu ran mutum da ya salwanta. Ɗakuna biyu da rumbun hatsi sun tafi, da tufafi, da takardun haihuwar yara.

Tana da awaki biyar a turke. Ɗanta babba ya yanke igiyar huɗu da wuƙa, ta biyar ɗaurin ya ƙi kwancewa, hayaƙi ya gama da ita. Kaji suka watse, kare ya bi yaron, mage kuwa ba wanda ya san inda ta shiga.

Da gari ya waye muka je jaje. Wannan ta kawo zane, waccan tiyar gero, wata tabarma da tukunya. Wurin kwana ma bai yi wuya ba, yayarta da ke aure a wata unguwa ta ba ta ɗaki. Sai dai gidan ƙarami ne, ga kishiya, ga yara. Kwana uku aka yi, awaki suka ci garin da kishiyar ta shanya. Maigidan kuma ya ce shi kare ba zai kwana inda yake salla ba. Ba mu ga laifinsa ba, gidansa ne, kuma ya yi ƙoƙari. Amma ita fa? Wanda ke zaman aro ba ya da bakin magana.

Ranar taro ta zo ta zauna can gefe. Shugaba ta ce mata, "Ƙanwata, yaya ƙarin haƙuri?" Ta ce, "Yaya, da godiya. Gobe dai zan sa a kai awakin kasuwa, shi kuma karen a kore shi daji." Ashe har dillali ya riga ya zo ya taya, kuɗin da ko rabin darajarsu bai kai ba. Dillali yana jin warin gobara tun daga nesa.

Nan hankalinmu ya tashi. Tsarin Mata Masu Dubara, tun da ƙungiyar CARE ta fara shi a jihar Maraɗi a 1991, asusu biyu ya koya mana: na zubi da bashi, da na taimako. Mu a dokarmu mun rubuta haihuwa, rasuwa, rashin lafiya, har da gobara. Amma da muka ce gobara, bargo da abinci muke nufi. Ba mu taɓa tunanin bisashe ba, alhali dukanmu mun san akuya ita ce bankin mace. Awakin nan da bashin asusu ta sayi ta farko, ta biya kwabo-kwabo da kuɗin ƙuli-ƙuli. In ta sayar da su a wulaƙance, kuɗin zai narke a cefane kafin damina, ta rasa ɗaki ta rasa jari.

An yi gardama sosai. Wasu suka ce ɗan abin da ke asusun taimako na mutane ne, ba na dabba ba. In wata ta haihu gobe fa? Maganarsu gaskiya ce. Wata dattijuwa cikinmu ta ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, wace ce cikinmu ba ta da zana da harawa kusa da murhu? Aka yi shiru.

Abin da muka tsayar shi ne riƙo. Mata biyu masu fili suka ɗauki awaki bibbiyu. Nan ma sai da aka tsaya aka fayyace, domin kiwo da muka sani raba ƴaƴa ake yi, habbanayen Fulani kuma mai riƙo ke cin haihuwa ya mayar da uwa. Namu ba haka ba ne. In akuya ta haihu, ɗan na mai akuya ne; mai riƙo ta ci nono da taki. Magatakarda ta rubuta wannan a littafi gaban kowa, saboda gobe. Kowace mamba ta kawo dami ɗaya na harawa ko kwanon dusa, asusu kuma ya biya maganin akuya guda da ta ƙone a gadon baya tana ta tari. Malamin dabbobi da ya duba ta ya ce ruwa mai tsabta mai sanyi ake fara zuba wa ƙuna, ba toka ba, ba baƙin mai ba, kuma dabbar da ta sha hayaƙi a sa mata ido ko da ba a ga rauni ba.

Karen, mijin wata mai garka ya karɓe shi, yana masa gadi. Yaron kullum da yamma sai ya kai masa ragowar tuwo. Uwarsa ta ce tun daren gobarar bai yi barcin kirki ba sai da ya san inda karensa yake kwana. Mu da muke ganin abin wasa ne, ashe ba wasa ba ne.

Maganar ɗaki ita ce har yanzu ba ta ƙare ba. Filin na dangin marigayi mijinta ne, wani cikinsu ya fara cewa tunda ɗaki ya tafi, zama ya ƙare. Mun tura mata uku wajen mai gari, aka zauna da dangin, aka yarda ta sake gini saboda marayu. Muna son a rubuta wannan a takarda wajen kwamitin filaye, Kofo, kada ya tsaya a fatar baki. Takardun haihuwa kuma an fara neman madadinsu, don babbar ƴarta jarrabawa za ta yi. Samari sun yi gayya sun buga tubali, gini ya kai taga, saura azara da ƙofa.

A taron da ya biyo baya mun ƙara dala 5 kan zubin taimako na kowane mako, mun kuma koya wa juna ɗaurin zarge da ake kwancewa da ja ɗaya.

Magen ta dawo bayan mako biyu, ta rame, gashin wutsiya a babbake. An kai ta gidan yayar sau biyu tana gudowa. Yanzu cikin sabon ginin da ba shi da rufi take kwana, ƙaramar yarinyar ke kai mata fura.